Idan Baba Bai Iso Ba

Yayana ba ya fita daga gida sai da biro uku a aljihu. Ɗaya na rubutu, ɗaya ko na farkon zai ƙare, na ukun kuma ko wani zai ari na biyun ya yi gaba da shi. Jami'in kiyaye haɗari ne a wata masana'antar fenti, wato aikinsa shi ne ya zauna ya yi ta tunanin abin da zai iya lalacewa. Shekara goma sha biyar yana wurin ko ashana ba ta taɓa kamawa ba, kuma wannan nasarar ce ta lalata mana shi a gida. Idan-Kuma muke kiransa a bayan idonsa, don ba ka isa ka kai ƙarshen magana bai ɗaga yatsa ya ce, "To, idan kuma...?" ba. Ni ke bi masa, a kantin magani nake aiki, kuma kowa a gidanmu ya san ba ni da haƙuri. Na faɗi wannan tun yanzu don kada a ce na ɗora masa laifin shi kaɗai.

Babanmu direban motar makaranta ne, shekara talatin da shida yana jigilar yara safe da rana. Ya ajiye aiki ne da idonsa ya fara ba shi matsala. Ciwon irin wanda ba a yi wa aiki ne, sai dai a yi ta ɗiga magani ana jan lokaci, kuma ni ke biyowa in ɗiga masa safe da yamma tun bayan rasuwar mahaifiyarmu. Gefe da gefen ganinsa duk ya rufe, saura ɗan tsakiya. In ka matso kusa da shi a wuri mai haske zai ga fuskarka, har ya ce maka ka rame ko ka yi ƙiba. Likita ya ja ni gefe wata rana ya ce ɗan tsakiyar nan ma kada mu sa ran zai kai baɗi.

Labari ya kai kunnen tsofaffin ɗaliban makarantar, waɗanda Baba ya ɗauka suna da majina a hanci. Shugabar ƙungiyarsu, wata lauya mai saurin magana, ta zo gida ta ce za su shirya taron karrama shi ranar wata Asabar a ɗakin taron makarantar, daga ƙarfe sha ɗaya zuwa ɗaya na rana. Kusan mutum ɗari biyu suka yi alkawarin zuwa, yawancinsu daga nesa, su zo da safe su juya a ranar.

Baba ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Ni fa ba kyauta nake so ba, 'yata. A madubin mota na san yaran nan, suna tsalle a bayana suna jifan juna da takarda. So nake su matso ɗaya bayan ɗaya in kalli fuskokinsu, in ga abin da suka zama, tun idon nan yana da sauran amfani."

Lauyar ta share hawaye ta ce an gama, za a ware masa minti talatin na ƙarshe don wannan kawai. Daga nan ta yi kuskuren tambaya ko a cikin iyali akwai wanda zai taimaka da tsare-tsare. Kafin ta rufe baki Yaya ya zaro biro.

Bayan mako biyu ya tara mu a falon Baba: ni da mijina, da matarsa, da autarmu da ke zaune tare da Baba, da Kawu ƙanen mahaifiyarmu. Ya raba wa kowa fayil mai shafi ashirin da biyu, a bangonsa an rubuta Shirin Ko-ta-kwana. Na ɗaga nawa na ji nauyinsa, na ce ko makarantar za mu sake ginawa. Bai yi dariya ba.

Komai biyu ne a cikin fayil ɗin. Janareta biyu ko za a ɗauke wuta, lasifika biyu, mai ɗaukar bidiyo biyu, mai abinci biyu. Mai gabatar da taro wani malamin makarantar ne, amma an tanadi wani malamin ko muryar na farkon za ta dashe. Har ɗakin taron sai da aka yi masa na biyu: laburaren makarantar da ke can ƙarshen fili, za a jera kujeru a ciki ko rufin babban ɗakin zai yi yoyo.

"Yaya, wata uku ba a yi ruwa ba," na ce.

"Shi ya sa ya kusa," in ji shi. "Ke za ki riƙe makullin laburaren. Kada ki bar wurin sai sha biyu da minti ashirin, lokacin da za ki zo ki tsaya kusa da Baba a fara gaisawa."

"Wato taron ubana ne zan zauna gadin kujeru."

"Wanda aka yarda da shi ake ba makulli."

Haka ya bi mu ɗaya bayan ɗaya. Auta za ta zauna a ɗakin jinya na makarantar da akwatin magani. Matarsa za ta tsaya a kicin tsakanin masu abincin nan biyu, don an ce ba sa ga maciji da juna. Mijina zai ɗauko Baba daga gida da ƙarfe goma daidai. Ko motarsa za ta ƙi tashi, an tanadi direba na biyu, wani dattijo direban masana'antarsu Yaya, wanda Yaya ya yaba da cewa bai taɓa ƙara ko taku ɗaya a kan abin da aka sa shi ba. Shi wannan zai ajiye mota a bayan kantin da ke kwanar layinmu tun ƙarfe tara, inda ba za a hango shi daga gida ba, kada motoci biyu a ƙofa su rikita Baba. Ba zai motsa ba sai Yaya ya kira shi da bakinsa.

Sai ya juya ga Baba. Watan da ya wuce Baba ya fita shi kaɗai ya zurma ƙafa a kwalbati, kuma Yaya bai manta ba.

"Baba, don Allah, ranar nan kada ka fito ƙofa, kada ka hau motar kowa, kada ka ce bari in taka zuwa titi. Ka zauna a kujerar nan sai an zo an kama hannunka."

"Na ji, ranka ya daɗe," in ji Baba yana murmushi. Daɗi yake ji, ana ta hidima a kansa.

Muka iso shafi na tara. Kansa shi ne: Idan Baba bai iso ba. Yaya ya karanta mana da irin muryar da yake karanta dokokin masana'anta. Idan ƙarfe sha ɗaya da kwata ta yi Baba bai shigo ba, a ɗauka jikinsa ne ya motsa. Kada a jira, kada a tayar wa jama'a hankali, kada mai gabatarwa ya bar dandamali neman kowa. Ya buɗe ambulan mai lamba tara ya bi abin da ke ciki. Kawu zai karɓi lambar yabo a madadin Baba, ya karanta jawabin da Yaya ya riga ya rubuta.

"Me zai hana a tambayi ɗayanmu tukuna?" na ce.

"A lokacin matsala tambaya ce ke cinye lokaci. Shi ya sa ake tsara komai tun kafin ta zo."

Baba ya yi dariya har da tari. "Ai in kun ga ban iso wannan taro ba, to na mutu ke nan."

"Wannan yana shafi na goma," in ji Yaya.

Kawu kuwa sai gyara zama yake yi. Mutum ne mai son abin magana, wanda in aka ba shi minti biyu a taro sai an kashe lasifika yake sauka. Sau uku Yaya ya sa shi ya gwada jawabin a falon nan, sau ukun kuma sai da ya ƙara nasa a ciki. Ba na ce yana fatan Baba ya kwanta ciwo ba, amma na lura har sabuwar riga ya ɗinka.

Ranar Asabar na biya gida da ƙarfe bakwai na safe don in ɗiga wa Baba magani. Na tarar ya riga ya yi wanka ya shirya, har ya sa takalmi, yana zaune a kujerar da aka ce ya zauna. Ya ce in duba masa ko maɓallan rigar sun tafi daidai. Ya ce yau in ɗiga da kyau, yana da aiki da idon. Na ajiye masa ruwa da wayarsa a kan ɗan teburin da ke gefensa. Lamba biyu kawai ya iya kira a wayar nan: in ya danna ɗaya Yaya ne, in ya danna biyu ni ce. Na ɗauki Auta muka wuce makaranta.

Sama tas, ko ɗigon gajimare babu. Wuta kuwa tun safe ba ta ko ƙifta ba. Na buɗe laburare na zauna a tsakiyar kujeru ɗari biyu da babu kowa a kansu, ga ƙamshin tsofaffin littattafai, ga fanka ɗaya tana juyi tana ƙara. Can aka turo mini mai gabatarwa na biyu, shi ma ya jira a nan. Ya zauna a gefe yana shan ruwan ɗumi daga fulas yana gyaran murya, don an ce masa ya kasance cikin shiri.

Kafin ƙarfe tara da rabi Yaya ya kira ni sau goma sha ɗaya. Na ƙirga kujerun? Tagogin suna buɗewa? Makullin yana hannuna ko a jaka? Idan kuma jakar ta ɓace fa? A kira na goma sha biyu na ce masa in ya sake kirana zan haɗiye makullin kowa ya huta. Na kashe wayar gaba ɗaya na jefa ta a jaka, na ji wani sanyi a raina. Wannan shi ne nawa kason, kuma ba na neman a rage mini shi.

Abin da ya faru a waje daga baya na haɗa shi, daga bakin mijina da na Yaya. Motar da ta kawo janareta na biyu ta maƙale a ƙofar baya ta makarantar, ta ƙi gaba ta ƙi baya. Da aka duba kuma sai aka ga wayar da za a jona shi ba ta kai ba. Janareta na farko yana nan lafiya lau, shi ma ba a ko tayar da shi ba, amma a wurin Yaya abu ɗaya daidai yake da babu. Ya waiga ya ga mijina yana shirin shiga mota.

"Yi maza kasuwa ka samo mana doguwar waya."

"Baba fa? Goma ta kusa."

"Ai shi ya sa aka yi na biyu. Yanzu zan kira shi."

Mijina mutum ne da ba ya musu da surukai, sai ya kama hanyar kasuwa. Yaya ya zaro waya ya fara neman lambar dattijon direba, ɗaya hannun kuma ya buɗe fayil ya sa alamar an yi a gaban layin. Haka yake aiki tun fil azal: yana fara abu yake sa masa alama, wai don kada a yi shi sau biyu. Kafin kiran ya shiga mai motar janareta ya goga gefenta a jikin ƙofa, Yaya ya yi kansa a guje yana ɗaga hannu. Da ya sake buɗe fayil bayan minti ashirin, ya ga alama a gaban layin direba, hankalinsa ya kwanta. Daga nan har rana ta take wayarsa ba ta sauka daga kunnensa ba, tsakanin mai janareta, da mai walda, da mijina da ke yawo shago-shago.

Ni ina laburare na ji motoci suna ta shigowa, na ji hayaniyar mutanen da suka shekara ashirin ba su haɗu ba. Wajen sha ɗaya da kwata aka yi tsit, can kuma sai tafi ya tashi kamar rufin zai yaye. Na ce wa mai gabatarwa na biyu, "Ka ji, Baba ya shigo." Har ƙwalla ta cika mini ido. Na yi ta zagin Yaya a zuciyata da ya hana ni ganin wannan shigowar, amma na zauna, don duk bakina ni ma 'yar gidan ce, in an ba ni makulli ina riƙewa.

Sha biyu da kwata na kasa daurewa, na fitar da mai gabatarwa na biyu na kulle laburare, na nufi ɗakin taro. Tun daga nesa na ga filin ajiye motoci ya yi fayau. Na shiga na tarar da mata biyu suna shara, wani yana naɗe wayar lasifika, ga Kawu a kan dandamali rungume da lambar yabo yana ba mai gabatarwa labari.

"Kawu, ina mutane? Ina Baba?"

Ya sauko da sauri, fuskarsa cike da tausayi. "Sannu, 'yata, sannu. Ya jikin nasa? Wane asibitin aka kai shi?"

"Wane ne ba shi da lafiya?"

Mai gabatarwa ya miƙo mini takardar da ya ciro daga ambulan mai lamba tara, yana kallona kamar mai jiran a yaba masa. Rubutun Yaya ne, tsaf-tsaf. A sanar da jama'a cewa jikin Baba ya ɗan motsa da safen nan, amma yana samun kulawa. A ba Kawu dama. A soke minti talatin na gaisawa, a rufe taro da sha biyu daidai. A raba abinci a ƙunshe a bakin ƙofa. Layin ƙarshe shi ne ya fi muni: iyali suna roƙon kada kowa ya je gida ko ya kira waya, likita ya ce a bar shi ya huta.

"Wallahi taro ya yi kyau," in ji mai gabatarwa. "Ba a taɓa yin mai tsari irinsa a ɗakin nan ba. Mutane sun yi kuka. Lauyar nan da ƙyar ta iya gama jawabinta."

Fitar ma Yaya ne ya tsara ta, irin yadda yake fitar da ma'aikata in ana gwajin gobara. Ƙofa uku, kowane layin kujeru da tasa, motoci kuma tun shigowa an sa kowa ya juya kan tasa waje. Mutum ɗari biyu suka watse cikin minti takwas. Masu jirgi sun nufi jirgi, masu doguwar hanya sun kama hanya, kowa da ƙunshin abincinsa yana yi wa Baba fatan samun sauƙi.

Na kunna wayata. Saƙo ya shigo cewa lambar Baba ta neme ni sau shida.

A ƙofar baya na sami Yaya, rigarsa duk baƙin mai, yana tsaye a kan janareta na biyu da aka samu aka jona a ƙarshe. Yana ganina ya washe baki.

"Kin ji tafi kuwa? Komai ya tafi daidai. Har an fara gaisawar?"

"Yaya, wa ya ɗauko Baba?"

Ya buɗe fayil ya nuna mini alamar da yatsa. Na ce ba takarda na tambaya ba, wa ya ɗauko shi. Ya duba wayarsa, ya yi ta gangarawa cikin kiraye-kirayen safiya, ya kai ƙarshe ya sake dawowa sama. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta zube haka ba. Na shirya masa maganganu masu zafi tun daga ɗakin taro, amma da na tuna da tawa wayar sai na haɗiye su.

Tafiyar minti arba'in ce zuwa gida. A kwanar layinmu, bayan kanti, ga motar masana'anta a inuwa, dattijon direba yana ciki ya buɗe ƙofa yana shan iska. Yana ganin Yaya ya fito ya ƙame.

"Yallaɓai, ina nan tun tara saura. Ban motsa ba."

"Ba ka ga lokaci yana wucewa ba?" na daka masa tsawa. "Gidan ga shi can, taku nawa ne?"

"Na gani, Hajiya. Na ce ƙila ta ɗaya bakin layin aka ɗauke shi. Ni dai an ce kada in leƙa sai an kira."

Ba abin da za ka ce wa mutumin da ya yi daidai abin da aka sa shi. Muka bar shi a tsaye.

Kada in yi ƙarya, daga baya mun bi lambobin da muka samu mun ba da haƙuri, mun faɗi gaskiya. Lauyar ta ce za a sake shiryawa, wataƙila baɗi in an samu lokacin da ya dace da kowa. Mutum huɗu da ke zaune a garin sun zo gida cikin makon. Huɗu, cikin ɗari biyu.

Amma a ranar, da muka tura ƙofar falo, Baba yana nan a kujerar, da takalminsa a ƙafa. Ruwan da na ajiye masa ya sha rabi. Wayar tana kan cinyarsa. Ya juyo da kansa gaba ɗaya wajen ƙofa, yadda yake yi in yana son ya kama mutum da ɗan tsakiyar idon nan.

"Kun iso? Na ce ko motar ce ta ba ku matsala. Mu tafi, kada mu sa yaran nan jira."

Ya fara laluben hannun kujera zai miƙe. Yaya ya durƙusa a gabansa ya sunkuyar da kai. Ni na faɗa. Na faɗa masa duka, da janareta, da alamar da ke cikin fayil, da wayata da na kashe don haushi. Ban rage komai ba, don na san in na tsaya zaɓen kalmomi kuka zai ƙwace mini.

Baba ya koma ya jingina. Na fi son ya yi faɗa, ya zage mu, ya kore mu daga gidan, amma Baba bai iya wannan ba.

"Sun zo da yawa?" ya tambaya.

"Sun cika ɗakin, Baba."

"Duk sun tafi?"

"Sun tafi."

Ya gyaɗa kai. Yaya ya share fuska da hannun riga, ya ce da wata murya da ban san shi da ita ba, "Akwai bidiyo, Baba. Mutum biyu suka ɗauka." Ko a wannan halin sai da ya ambaci biyun. Ya kira ɗaya daga cikinsu aka turo masa bidiyon ta waya, ya miƙo mini ita.

Na ja kujerar Baba kusa da taga na zauna a hannunta. Muka ji mai gabatarwa yana sanar da rashin lafiyarsa, ɗakin ya ɗauki salati da jimami. Muka ji Kawu yana karanta jawabin, yana cewa a madadin Baba wai yaran nan su ne hasken rayuwarsa, abin da Baba bai taɓa faɗa ba tunda aka haife shi. Aka yi tafi mai tsawo.

"Ashe na iya magana," in ji Baba.

Sai mai ɗaukar bidiyon ya juya kan jama'a. Layi bayan layi na mutane, kowace fuska ba ta fi ƙwayar wake ba a gilashin wayar. Baba ya karɓe ta daga hannuna ya matso da ita, ya nisanta, ya karkata ta wajen haske. Can wata mata ta miƙe a cikin taron aka ba ta abin magana, ta fara ba da labarin yadda kullum take barci a mota, direba ya riƙa tsayawa a ƙofar gidansu yana jira a zo a ɗauke ta. Tana magana tana dariya tana kuka.

"Tsayar," in ji Baba. "Na san muryar nan. Kujera ta uku, gefen taga. Kullum da takalmi ɗaya a hannu." Ya yi ɗan murmushi. "Yaya ta zama?"

Na tsayar da hoton na buɗa shi da yatsu iya yadda zai buɗu, har ya fara dushewa.

"Babbar mace ce, Baba. Tana da tabarau. Har ta fara furfura a gaba."

"Furfura? Yarinyar nan?"

Ya ɗago wayar da hannu biyu ya kawo ta daf da fuskarsa, har gilashin ya taɓa hancinsa. Ya rufe ido ɗaya, ya buɗe, ya rufe ɗayan. Muna jin numfashinsa. Ya daɗe a haka kafin ya sauke ta a hankali ya miƙo mini.

"Ban gan ta ba," ya ce.